Ƙofar Aukuso a Ɗakin da Ba Shi da Bango

Ku yaran yanzu ba ku da kunya. Mutum ya hau jirgi ya yi shekara biyu a birnin Okland can ƙasar waje, ya dawo da tumbi da takalmi sau-ciki, sai ya zo yana koya wa waɗanda suka haife shi yadda ake fita daga ɗaki. Ku karanta wannan ku shiga taitayinku, musamman jikokina da na ji suna ta zancen fasfo. Abin da ya sami Aukuso, ɗan ƙanena, a gaban gari da baƙi, da idona na gani, kuma har yau ban ji tausayinsa ba.

A shekarar aka zaɓi garinmu, Fagalua, ya karɓi sansanin matasa na ƙasashe. Yara ɗari shida, maza da mata, daga ƙasa goma sha huɗu, za su kafa tantuna a filinmu har kwana goma. To kafin namu an yi irinsa a wata ƙasa mai nisa, zafi ya kwantar da yara, ban-ɗaki bai isa ba, iyaye suka yi ta kuka a rediyo. Saboda haka masu shirya abin suka ce sai sun turo mai dubawa tukuna. In ta gamsu, sansani namu ne. In ba ta gamsu ba, a kai shi Utumoa, garin da ke bayan dutse. Mutanen Utumoa kuwa, tun da suka ci mu a tseren kwale-kwale ba su bar mu mun sakata ba. Da a kai musu sansanin nan, gara teku ta kwashe mu.

Ni Maselina, shekarata ashirin da shida ina shugabar kwamitin mata. Duk wata muna bi gida-gida, mu duba tabarmi da tukwane da ban-ɗaki, mu kifar da duk ɓawon kwakwar da ya tara ruwa. Aji uku na yi a makaranta, amma na san abin da ke kwantar da yaro: rana, ƙazanta, sauro, da ruwa mara kyau. Muka zauna muka yanke abin da za a yi: ban-ɗaki talatin, rumfunan inuwa, dafaffen ruwan sha. Kwanon da za a kewaye ban-ɗakin har mun sayo mun jibge a bayan coci.

Sai ga Aukuso.

Ranar masu sarauta suna zaune a fale, babban ɗakin taronmu, kowa ya jingina da ginshiƙinsa. Ɗakin rufi ne kawai a kan ginshiƙai arba'in, ba bango, don haka mu mata da ke waje muna fere gwaza duk abin da aka faɗa a kunnenmu. Aukuso ya shigo da wata riga mai ruwan lemo tana ƙyalli, usur a wuya, takarda cikin leda a hannu. Ya dai zauna, don ko shi rashin kunyarsa bai kai ya tsaya a kan manya ba.

"Iyayena, ku kwantar da hankalinku," in ji shi. "Allah ya dawo da ni a kan lokaci. Ni a Okland, filin ƙwallo mai mutum dubu hamsin, usur ɗaya nake busawa, minti huɗu ba kowa. Ko takalmi ba a bari a ƙasa."

Matarsa Siniva tana gefena. Ta sunkuyo ta ce, "Goggo, wurin ajiye motoci na wani kanti yake gadi. Mota goma sha biyu. Ɗaya ma an sace."

Mai garinmu, tsoho Pulemau, ya haura tamanin, kunne ya yi nauyi. Ya karɓi takardar ya juya ta sama da ƙasa, ya ga hatimi mai ruwan zinariya, ya ce yaro ya yi karatu. Nan take aka naɗa Aukuso shugaban tsaro.

Aikinsa na farko, ya bi gida-gida ya kwashe bokitai sittin da huɗu, ya cika su da ruwa, ya jera a gefen fili, wai na kashe gobara. Ya hana kowa taɓawa. Bayan kwana takwas na leƙa ciki, na ga 'ya'yan sauro suna ta rawa kamar ranar biki.

"Kai Aukuso, kiwon sauro ka koyo a Okland?"

"Goggo, ƙa'ida ce. Kowane layin tanti da bokitinsa."

"Tantin da ba a kafa ba shi ne zai kama wuta?"

"Shi ake kira shiri, Goggo. Abin na masu takarda ne, ba lallai ki gane ba."

Na gane. Na bi su ɗaya bayan ɗaya da ƙafa, har sittin da huɗu.

Aiki na biyu, ya ce kwakwa za ta faɗo ta fasa kan ɗan mutane, dole a sauke duk wadda ke bakin fili. Wannan gaskiya ne, kuma muna da masu hawa da suka gaji abin. Amma sai ya ce shi zai fara, ya nuna musu yadda ake hawa a ƙa'idance. Ya hau da takalmi. Ya kai tsakiya, ya duba ƙasa, ya rungume itacen kamar uwarsa. Ba sama, ba ƙasa. Masu dawowa daga gona suka ajiye kwandunansu suka zauna kallo.

"Shugaban tsaro, busa usur mana, minti huɗu ka sauko!"

"Ina nazarin fili ne daga sama!"

"To in ka gama nazari, miƙo mana guda biyu, ƙishi muke ji!"

Sai da rana ta karkata aka ɗauko tsanin coci. Ya sauko cinyoyinsa duk sun saɓule, yana cewa itacen ne ba a dasa shi daidai ba.

Na ɗauka ya ji jiki ya hankalta. Ashe babban yana tafe.

A zama na gaba ya ce ya gano haɗarin da ya fi kowanne, kuma a cikinsa suke zaune. A fale ne yara za su riƙa cin abinci su fake wa ruwan sama, kuma fale ba shi da ƙofar fita ta gaggawa.

Falaniko, mai magana da yawun gari, wanda ke riƙe da sanda da izga, ya dube shi ya ce, "Ɗana, ɗakin ba shi da bango. Duk inda ka juya, waje ne."

"Ai shi ne matsalar, Baba! Gobara ta tashi, yaro ɗan Japan ya miƙe, ta ina zai bi? Hanya arba'in! Zai ruɗe. Yana tsaye yana zaɓe wuta za ta cinye shi. A ƙa'ida hanya ɗaya ake bari, a sa mata koren allo mai hoton mutum yana gudu."

"A ina za a rataya allon?"

"A saman ƙofa."

"Ƙofar a jikin me?"

"A jikin bango."

"Wane bango?"

"Wanda zan gina."

Manya suka yi dariya har da tari, suka wuce zuwa maganar kifi. Kuskurensu ke nan. Dariya suka yi, ba su ce a'a ba.

Saura kwana uku mai dubawa ta zo, aka yi rasuwa a tsibirin da ke maƙwabtaka da namu. Duk masu sarauta da matan kwamiti muka ɗauki tabarmin gaisuwa muka tafi. Muna juya baya Aukuso ya tara mazan da ya kamata su gama haƙa ramukan ban-ɗaki, ya kaɗa musu takardarsa, ya ce umarni ne daga ƙasar waje.

Da safen ranar da baƙuwa za ta iso muka sauko daga bas. Na duba inda fale yake, ban ga fale ba. Na ga wani ƙaton gwangwanin kifi. Kwanon ban-ɗakinmu ne kakaf, an kewaye ɗakin da shi tun daga ƙasa har rufi. A gaba ga 'yar ƙofa ɗaya ta katako, an kafa ginshiƙanta cikin siminti, ga koren allo a sama. Abin da ya sa tsoho Pulemau ya zauna a ƙasa shi ne ƙusa. Ɗakin nan kakanninmu da igiyar zaren kwakwa suka ɗaure shi, ƙarfe bai taɓa shiga jikinsa ba. Kowane ginshiƙi na gidan wani ne. Aukuso ya bi su duka arba'in da guduma.

Na same shi yana goge allon da gefen zanensa.

"Kai ɗan nan, ni yayar ubanka ce. Ka san bakina ba ya faɗuwa ƙasa banza."

"Goggo, ki bari ki ga fuskar baƙuwar tukuna. Har wasiƙa za ta rubuto min."

Manya suka ce ba a karɓar baƙo da ƙarar guduma, a bari sai ta tafi. Ni kuma ba ni da lokacin zagi. Rami goma kacal aka haƙa, kuma duk a fili suke tsirara. Na zaunar da mata arba'in, muka saƙa ganyen kwakwa muka kewaye goman kafin rana ta take.

Mai dubawa ta iso da tsakar rana. Sunanta Malama Unaisi, 'yar Fiji, doguwa, da littafi a hannu da agogo a wuya. Ta zo da yara ashirin daga ƙasashe daban-daban, su kwana biyu su ɗanɗana wurin. A bayansu ga wata akori-kura cike da mutanen Utumoa, wai sun zo taya mu murna. Suka tsaya ƙarƙashin mangwaro, ko sauka ba su yi ba.

Yaran an koya musu ladabi tun a hanya, wannan na yaba. An gaya musu ba a tsayawa a kan manya, ba a fita kafin mai gari, kuma in za ka gifta gaban babba sai ka duƙa ka ce tulou, wato gafara. Suka shiga ta 'yar ƙofar ɗaya bayan ɗaya suka naɗe ƙafa. Aka rufe ƙofa. Aka fara dama ava, abin shan da muke tarbar baƙi da shi.

Ni ina baya wajen umu, inda muke gasa abinci a kan duwatsu, amma hankalina bai kwanta ba. Na je na sa ido a tsakanin kwano biyu. Iskar da ta bugi idona kamar daga bakin tanda. Falaniko ya dafa sanda ya fara jawabi, shi kuwa daga kakan kakanmu yake farawa, bai taɓa yin ƙasa da awa guda ba. Gumi na zuba daga gemunsa. Wani yaro ɗan Norwe ya yi jajir kamar dafaffiyar ƙaguwa. Wata 'yar Kenya tana fifita da hula a ɓoye. Malama Unaisi tana rubutu, takardar tana jiƙewa.

A nan ne Aukuso ya ga lokacin atisaye ya yi. Bai gaya wa kowa ba, don a cewarsa gobara ba ta sallama. Ya jawo rabin duro cike da jiƙaƙƙen ɓawon kwakwa, ya ajiye ta ɓangaren teku inda ya bar 'yar kafa a ƙasan kwano, ya cinna. Hayaƙi fari tas ya bi kafar ya shige. Sannan ya ruga ya hau dukan tsohuwar tukunyar gas da ke rataye a jikin itace.

To wannan tukunyar ita ake bugawa da yamma don addu'a, kuma duk wanda ya ji, inda yake nan zai zauna ya yi shiru. Mazan gari da ke waje suka ji ta, kowa ya duba rana, ya yi mamaki, ya zauna a inda yake ya sunkuyar da kai.

A ciki tsoho Pulemau ya shaƙi hayaƙi ya ce, "An buɗe umu ne? Ai ba mu sha ava ba tukuna."

Falaniko ya yi tari, ya kaɗa izga, ya ci gaba. Bai taɓa yanke jawabi a tsakiya ba, kuma lokacin ya iso kan kakarsa. Yara suna tari, idanu na hawaye, suna duban mai gari su ga ko zai tashi. Mai gari yana jiran ƙoƙon avarsa.

Sai da Malama Unaisi ta daka musu tsawa da Turanci suka motsa. Ba su miƙe ba, rarrafe suka yi. Gaban kowane dattijo sai na ji "tulou, tulou," da tari a tsakani. Suka isa ƙofa su ashirin suka danna. Ƙofar kuwa ciki take buɗewa.

Sai ga shugaban tsaro a guje. Ya ɗora rigar iyo a kan rigar lemo, igiya a kafaɗa, akwatin magani a baya, bokiti a kowane hannu, usur a baki. Daidai lokacin yaran suka gane suka ja da baya suka jawo ƙofar. Aukuso ya afka da dukkan ƙarfinsa, ya shiga zuwa tumbi, ya tsaya cak. Ya auna ƙofar da abin da takarda ta ce, bai auna ta da kansa ba.

"Kowa ya kwantar da hankalinsa!" yake ihu. "Ku bi koren allo!"

Koren allon yana saman kansa. Hanyar da allon ke nunawa, shi ne a cikinta.

"Ka fita mana!" in ji wani dattijo daga cikin hayaƙi.

"Ina ƙoƙari, Baba!"

"To ka shigo!"

"Shi ma ina ƙoƙari!"

Yara suna tura shi ta gaba suna ce masa tulou. Siniva ta kama shi ta baya tana ja tana zaginsa da sunan kakarsa. Abin da ya biyo hannunta zanensa ne kawai. Ya rage daga shi sai gajeren wando mai hoton abarba, bayansa yana kallon mangwaro. Mutanen Utumoa suka miƙe tsaye a bayan mota don su gani da kyau.

Na juya na buɗe murya. "Mata! Adda!"

Ba sai na maimaita ba. Mata arba'in, wasu da adda, wasu da sandar haƙar gwaza, kowace ta nufi ginshiƙin gidan mijinta. Allah ya taimake mu da abu ɗaya: Aukuso ko ƙusa bai iya bugawa ba, rabinsu a lanƙwashe suke. Kwano ya riƙa faɗuwa ta ko'ina kamar aradu. Iskar teku ta shiga ta gabas ta fita ta yamma da hayaƙin gaba ɗaya. Yara suka watse ta hanya arba'in. Ɗan Japan ɗin ma akwai shi, kuma bai ruɗe ba, shi ya fara kaiwa bakin teku.

Muka bi su da ruwan kwakwa da jiƙaƙƙen tsumma. Ɗan Norwe ya sha guda uku ya dawo kalar mutane. Manya ba wanda ya motsa daga ginshiƙinsa. Falaniko ya share fuska ya ce, "Saboda haka, muna yi muku maraba." Aka miƙa wa Pulemau ƙoƙonsa ya sha.

Abu ɗaya ne ya rage a tsaye, ƙofar, don ita kaɗai aka kafa da siminti. Ba bango a damanta, ba bango a hagunta, sai Aukuso a tsakiya da bokiti biyu. Mutane suna wucewa ta gefensa suna shiga suna fita.

"Shugaban tsaro," wani ɗan Utumoa ya ƙwala, "in kun gama da ƙofar ku ara mana, akuyarmu na yawan fita!"

Malama Unaisi ta zo ta tsaya a gabansa, faston cocinmu yana fassara. Ta tambayi wane ne mai kula da lafiyar yara a garin nan.

"Ni ne, ranki ya daɗe," in ji Aukuso. "Duk abin da kika gani a tsare yake. Har maƙalewar."

Ta dube shi tun daga allo har abarba. Ta juyo wajena ta nuna agogonta. Ta ce daga ihuna zuwa fitar yaro na ƙarshe daƙiƙa hamsin ne. Ta ce abin da ta gani a cikin gwangwanin ya isa ta kai sansani Utumoa yau ɗin nan. Mutanen mota har sun fara tafi.

Na ce wa fasto ya gaya mata ta biyo ni tukuna. Na kai ta ta ga tukwanen dafaffen ruwa a rufe, ta ga rumfuna, ta ga hanyar da muke bi mu hau tudu in teku ta yi fushi, a share har sama. Ta duba bokitai, duk a kife. Ta shiga ban-ɗaki goma ɗaya bayan ɗaya ta shinshina. Ta daɗe tana rubutu.

Sannan ta ce sharaɗi uku. Ban-ɗaki su cika talatin cikin kwana goma, za ta dawo ta ƙirga. Kada a sake sa wa ɗakin nan ko da asabari na ƙarfe. Na uku ba ta faɗa ba, zuwa ta yi ta zare usur daga wuyan Aukuso ta rataya mini. Na ce a gaya mata na gode, amma muryata ta ishe ni. Motar Utumoa ta tashi ba sallama.

Shi kuwa sai da muka juye masa kwalba biyu ta man kwakwa, maza shida suka ja, sannan ya fito da wata ƙara kamar an cire murfin tulu.

Washegari masu sarauta suka zauna a kansa. Hayaƙin sun yafe, don baƙi ba su mutu ba. Ƙusa ce ba su yafe ba. Aka yanke masa ya toshe kowane rami a jikin kowane ginshiƙi, yana durƙushe, mai ginshiƙin yana kallonsa. Ya kawo gwaza ɗari biyu. Ya haƙa ramukan ban-ɗaki shi kaɗai. Sannan ya ba da ƙaton aladensa, Kwamanda, wanda aka shekara huɗu ana kiwata masa don ranar da yake mafarkin za a ba shi sarauta.

Da yamma ya zo gidana, ba riga mai ƙyalli, ya zauna can bakin tabarma.

"Goggo, don girman Allah ki sa baki. Rami ashirin, ni kaɗai?"

"Ai na sa baki, ɗan nan."

"Kin sa?"

"Su goma suka ce. Ni na ce ashirin."

Ya haƙa su, ina zaune a kan kujera ƙarƙashin lema ina duba zurfi da sanda. Kwanonmu ya koma inda aka saye shi dominsa. Ƙofar kuma, da ya fasa simintin, na sa ya kafa ta a ban-ɗaki na talatin da koren allonta. A can mutumin da ke gudu ya dace.

Yara ɗari shida suka zo suka koma, ba wanda ya kwanta ko da ciwon kai. Ranar buɗe sansani aka gasa Kwamanda, ƙasa goma sha huɗu suka ci suka lashe yatsu. Aukuso yana can bayan fili yana jidar ruwan wanke ban-ɗaki da bokitansa. Na sa aka aika masa da rabonsa a ganyen ayaba. Wutsiya.